Wayar da Ta Shiga Rabon Gado

Maigidana manomi ne a Likoro, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Da damina yana gona, masara da dawa da ɗan waken suya a gefe. Idan rani ya yi aiki ya lafa, sai ya hau babur ɗinsa ya nufi Makarfi ranar kasuwa, yana dillancin hatsi, ya haɗa mai saye da mai sayarwa a ba shi la'adarsa. Malam nake ce masa tun ranar da aka kawo ni gidan. Muna zaune tare da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, sai yayansa da iyalinsa a sashen gaba. Allah ya ba mu 'ya'ya uku, mata biyu da namiji, shi ne auta.

Malam ba mai son ƙawa ba ne. Takalmi sai ya tsinke an ɗinke ya sake tsinkewa kafin ya canza shi. Abu guda ne na san ya shiga ransa ya ƙi fita, wato waya mai ɗaukar hoto mai kyau. Da farko na ɗauka sha'awa ce irin ta 'yan kasuwa, mutum ya ga abu a hannun wani ya ji shi ma yana so. Sai wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ya ce mini, ba tare da ya ɗago kai ba:

"Kin san na fara manta fuskar Baba?"

Na dube shi. Mahaifinsa ya rasu tun Malam yana saurayi, ban riske shi ba.

"Ina tuna muryarsa idan yana karatu. Ina tuna hannunsa a kan ƙotar fartanya. Amma fuskar, in na neme ta sai ta ƙi zuwa. Ko hoto ɗaya ba mu da shi. Ba na so yaran nan su zo su yi haka da Inna."

A lokacin yana da babbar waya, amma mai araha. Inna kuwa ciwon ƙafa ya zaunar da ita, ba ta cika fitowa daga ɗakinta ba, ɗakin kuma tagarsa ƙarama ce. Duk hoton da ya ɗauke ta a ciki sai ya fito dishi-dishi kamar an watsa masa toka, ba ka gane ido balle murmushi. Ana nan sai wani alhaji da ke zuwa sayen masara daga Kano ya ɗauki hoton buhuna a cikin sito mai duhu a gabansa. Malam ya ce hoton ya fito tas, har zaren bakin buhu ana gani. Tun daga ranar ba shi da zance sai na irin wannan waya.

Shekarar da masara ta yi tsada, Malam bai yi gaggawar sayarwa ba, ya jira har ta kai inda yake so. Ya samu alheri fiye da yadda ya saba. Wata safiya ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce zai je Zariya. Bai faɗi abin da zai kai shi ba, ni ma ban tambaya ba, don na sani.

Bayan la'asar ya dawo. Na kawo masa ruwa, na yi masa sannu da hanya, na tambayi mutanen Zariya. Ya amsa a taƙaice. Da na ga hannunsa babu komai sai na ce, "Malam, ina wayar?"

"Tana can inda na same ta."

Ya sha ruwan ya ajiye kwanon a hankali.

"Sabuwar ba tamu ba ce. Da mai shagon ya faɗi kuɗinta na zaci ban ji daidai ba, na ce ya maimaita. Ko zan kwashe abin da ke rumbu kaf in haɗa da babur, da ƙyar in kai. Bai ma ciro ta daga cikin gilashi ba. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya nuna mini wasu can gefe."

Na yi zaton magana ta ƙare ke nan. Ashe bai haƙura ba. Ya bi ya gano ana sayar da irinta ta hannu, wadda wani ya yi amfani da ita a ƙasar waje ya gaji, an yi sababbi a bayanta. Ita ma ba arha gare ta ba. Akwai sa da ya turke tun bayan girbi yana ba shi harawa da dusa, da niyyar a sayar a rufe ɗakin baya da kwano. Wannan san ya kai kasuwa, ya ƙara da wani abu daga ribar masara, ya dawo gida da waya baƙa siririya a cikin aljihun gaba, hannunsa dafe a kai.

Yaya bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ina daga kicin ina jin su a zaure.

"Sa guda! Sa guda ka mayar abin da za a sa a aljihu? In ta faɗa ruwa fa? In aka zare ta a kasuwa fa?"

"Yaya, don sana'a ce. Masu saye yanzu hoto suke so a tura musu kafin su taso."

"Wadda kake da ita ba ta tura hoto? Mu ba sa'o'in masu irin wannan ba ne. Su in ta lalace gobe sun sayi wata. Kai kuwa sai ka sake turke wani san."

Malam bai taɓa ɗaga murya a gaban yayansa ba. Maganar sana'a gaskiya ce, amma ba ita ce duk gaskiyar ba. Ainihin dalilin bai iya faɗa wa Yaya ba.

Inna da farko ta ƙi. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce me za a yi da hoton tsohuwa. Ya lallaɓa ta har ta yarda. Da ya nuna mata sai ta kai yatsa ta taɓa zanen da ke kumatunta a jikin gilashin, ta ce rabon da ta ga kanta haka tun madubinta na aure. Daga nan ta saki jiki. Idan ya dawo gona ya yi wanka, sai ya zauna a bakin ƙofarta ya kafa mata wayar yana yi mata tambayoyi. Ta ba shi labarin yadda ake kai rake Zariya a kan jakuna, da sunayen kakanninsu, da inda tsohuwar rijiyar gidan take kafin a cike ta. In ta tsaya sai ya ce, "To Inna, sai kuma me ya faru?" ta ci gaba.

Abin da ba mu sani ba shi ne, sayen irin wannan waya ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Wuta ba ta zama a garinmu, kuma ba ya iya barin ta wurin mai caji ya tafi kamar yadda kowa ke yi, sai ya zauna a benci yana gadinta har ta cika. Data tana tafiya kamar ana zuƙe ta. In zai je gona sai ya naɗe ta a leda ya sake naɗewa a tsumma. Duk da haka, wata ranar kasuwa yana taya loda buhuna ta zame daga aljihu ta faɗi a kan siminti, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa tsakiya. Da ya tambayi kuɗin canzawa aka faɗa masa abin da ya fi buhun taki. Ya dawo da ita a haka, ya ci gaba da amfani da ita da tsagarta. Bai bari Yaya ya gani ba sai da aka daɗe.

Ni kuwa tsoronta nake ji. Sau da yawa yakan miƙo mini ya ce, "Riƙe ki ɗauke ni da Inna." Sai in ɓoye hannuwana a cikin zani in ce, "A'a Malam, sa guda a tafin hannuna? In ta suɓuce me zan ce maka?" Ya yi dariya ya mayar aljihu. Babbar 'yarmu kaɗai ya koya wa lambobin buɗe ta, ita ma sai yana zaune kusa, kuma kallo kawai take yi ta mayar.

Bayan girbin da ya biyo baya zazzaɓi ya kama shi. Muka ɗauka na sauro ne, aka sayo magani a kemis. Ya yi kamar ya sauka ya dawo, idanunsa suka yi rawaya, abinci ya daina zama a cikinsa. Aka kai shi asibiti a Makarfi, daga can aka ce a wuce da shi Zariya. Gwaji da magani da ƙarin ruwa suka cinye abin da ke hannunmu. Wata rana da azahar, ina zaune a gefen gadonsa ina yi masa fifita, ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro wayar ya miƙa wa Yaya.

"Yaya, ɗauki wannan ka sayar."

Yaya ya karɓa. Ya zaga da ita shagunan Zariya, suka yi mata tayin wulaƙanci, domin sun ga mutum a matse. Ya dawo da ita gida ya nuna wa mutane a Likoro da Kudan. Kowa ya karɓa sai ya jujjuya ta ya yaba ya mayar. Masu sha'awarta ba su da kuɗinta, ɗan tsirarun da ke da kuɗin kuma sabuwa suke so. Daga ƙarshe Yaya ya kama tumakinsa na kansa ya kai kasuwa, ya dawo asibiti da kuɗin, ya mayar wa Malam wayarsa ƙarƙashin matashi. Ya ce masa, "Ajiye abinka. In ka tashi ka sayar da kanka."

Bai tashi ba. Wata safiya bayan an idar da sallar asuba, gari ya fara haske, Allah ya karɓi abinsa. Yaya ne ya shafe masa ido.

Duk tsawon takaba wayar tana ƙasan akwatina, a kashe, a cikin tsummanta. Babbar 'yar takan roƙe ni in ciro mu kalla, in ce mata ba yanzu ba. Zuciyata ba za ta iya ba. Cajin ma ya ƙare, kuma ba ni da wanda zai je ya zauna gadinta.

Da na fita takaba aka kira limamin unguwarmu don rabon gado. Aka zauna a zaure, ni da Inna muna daga ciki bayan labule. Abin da Malam ya bari ba shi da yawa. In aka cire gona da babur, babu abin da ya kai wayar daraja a cikinsu. Liman ya ce dole a yi mata kuɗi kamar kowace kadara. Na yi ƙarfin hali na ce daga bayan labule, "Allah ya gafarta Liman, in babu laifi a sa ta a cikin rabona."

Ya ce, "Babu laifi a shari'a. Sai dai ki sani za ta cinye kusan duk abin da zai zo hannunki."

Na ce na yarda. Yaya kuwa ba shi da ko ƙwayar hatsi a gadon sai nauyin marayu da ya hau kansa.

Haka ta zama tawa, ni da ban taɓa yarda na riƙe ta ba. Ta ci gaba da kwanciya a akwati har hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da aka yi ruwan shuka, Yaya ya yi sallama a ƙofar sashenmu. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi yara, ya tambayi ƙarin haƙuri, na tambayi iyali da gona. Sannan ya ce:

"Maman yara, gonar marayu zan nome ta da hannuna, wannan ba komai ba ne. Taki ne ba ni da yadda zan yi. Tawa ma bana rabi zan sa. In aka shuka masara babu taki, kin san abin da za a girba."

Bai ambaci waya ba. Na san kuma ba zai taɓa ambata ba. Ni ce na ce, "Yaya, ranar kasuwa in Allah ya kai mu, a raka ni Makarfi."

Muka shiga motar kasuwa, ni da shi da babbar 'yar. Mai sayar da waya da muka je wurinsa magidanci ne, rumfarsa ta kwano a jerin masu caji, janareta na ta ruri a bayanta. Ya san Malam, a wurinsa yakan zauna gadin caji in ya zo kasuwa. Ya yi mana ta'aziyya mai tsawo, ya share mana benci. Ya jona wayar ta farfaɗo, yarinyar ta danna lambobin. Ya duba ta ciki da waje, sannan ya yi magana yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Ya ce batirin ya gaji, gilashin sai an canza, kuma an fito da wasu sababbi tun bayan da aka saye ta, don haka ta faɗi. Abin da ya ce zai iya biya bai kai rabin kuɗin san nan ba. Na saci kallon Yaya. Ya taune leɓe, ya kawar da kai wajen masu rake.

Na ce na sallama, amma hotunan da ke ciki fa?

Ya ce irin wannan waya ba ta cin katin memori, sai dai ya juye su a kwamfuta ya zuba mini a kati in sa a ƙaramar wayata mai madannai. Sai dai hotunanta da bidiyonta nauyi gare su, katin da zan iya saya ba zai ɗauke su duka ba. Dole in zaɓa.

Muka zauna a bencin, ni da 'yata, wayar a tafin hannuna. Tana da sanyi, kuma ta fi yadda nake zato nauyi. Yarinyar tana shafawa ina kallo. Buhunan masara da na dawa rututu, waɗannan muka wuce su. Ga Inna tana dariya ta rufe baki da mayafi. Ga auta ranar da aka yi masa aski yana kuka. Ga 'yan matan da kayan salla. Ga ni ina tankaɗe ban ma san ana ɗauka ba. Ga gona lokacin da masara ta fitar da gemu. Komai ya fito tas kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ina cewa a ajiye wannan, a bar wancan, sai yarinyar ta tsayar da yatsanta.

"Mama, ina Baba?"

Muka koma farko muka sake bi a hankali. Mai rumfar ya karɓa shi ma ya bincika. Akwai hannunsa riƙe da zangarniyar dawa. Akwai inuwarsa a kan kunya. Akwai wani da wayar ta juya bisa kuskure ta ɗauki goshinsa da bakin hularsa. Fuskarsa cikakkiya babu. Shi ne mai ɗauka kullum, kuma babu wanda ya iya karɓar wayar ya ɗauke shi. Hoton da ya rage mana sai na katinsa na ɗan ƙasa da ke gida, wanda ya ɗaure fuska a ciki har bai yi kama da shi ba.

Yarinyar ta kifa kai a cinyata tana kuka ƙasa-ƙasa. Ni hawayen ma bai zo ba. Na ce wa mai rumfar ya kunna bidiyon Inna. Cikin rurin janareta da hayaniyar kasuwa sai ga muryar Malam daga bayan wayar, a natse, yana yi wa mahaifiyarsa tambaya. Na kanga ta a kunnena. Daga nan na daina zaɓe da ido. Duk wanda ya yi magana da yawa a ciki, shi na ce a ajiye, ko da hoton bango ne kawai yake nunawa. Mutumin ya ce zai cire sautin daban don ƙaramar wayata ta iya kunnawa. Masu ciniki suna zuwa yana ce musu su ɗan zaga su dawo. Kuɗin aikin ma ya ƙi karɓa.

Da ya gama ya dube ni ya ce, "Hajiya, in goge?"

Na ɗaga kai. Ya miƙa wa yarinyar ta danna lambobin karo na ƙarshe. Fuskar wayar ta yi baƙi, can ta kawo fari fat da wani rubutu na Turanci. Ya goge ta da ƙyalle ya sa a cikin gilashinsa tare da sauran.

A ranar Yaya ya sayi takin, aka ɗaure buhunan a saman mota. Muka dawo gida.

Na wuce ɗakin Inna na gaishe ta, na faɗa mata an sayar. Ta ce Allah ya sa hakan ne alheri. Na sa katin a ƙaramar wayata. Hotunan suka fito ƙanana kamar farcen babban yatsa, Inna ta kai ido ta kasa gane kanta. Sai na kunna mata sautin. Ta ji muryarta tana ba da labarin jakuna da rake, ta yi ɗan murmushi. Da muryar ɗanta ta shigo sai ta ɗaga hannu kamar za ta tsayar da wani abu, ta bar shi a sama. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta sake cewa in mayar.

Ana tsakiyar noman farko, wata safiya Yaya ya tsaya a ƙofar sashenmu da fartanya a kafaɗa. Bayan gaisuwa ya ce, "An ce akwai muryarsa a wurinki." Na aika yarinyar ta miƙa masa. Ya juya mana baya ya saurara a tsaye, wayar manne da kunnensa. Da ya ƙare ya goge fuska da hannun riga, ya miƙo ta, ya ce Allah ya jiƙansa, ya wuce gona.

Masarar ta yi kyau a shekarar. Ita muka ci har wata damina ta zagayo, na sayar da kaɗan na fara sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda har yanzu ita ke riƙe da mu. Babbar 'yar tana makarantar sakandare a Kudan, ta ce in ta gama za ta koyi ɗinki. Auta bai san mahaifinsa sosai ba, yana ƙarami aka yi rasuwar. Kwanan baya yana wasa a tsakar gida ya kira 'yar'uwarsa, sai na ajiye ludayi na fito da sauri, domin muryarsa ta fara komawa irin ta Malam. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa har ya gaji da wasan ya zo ya ce yunwa yake ji.